Wa Ya Biya Kuɗin Farar Rigar?

Wata ranar Lahadi cikin watan Oktoban 2022, ɗan yayata ya shigo gidana a Agege sanye da farar riga sabuwa fil, da hular hana-sallah ita ma fara. A ƙirjin rigar an zana kurciya, a baya kuma an rubuta da Turanci da Hausa cewa mai ita jakadan zaman lafiya ne. Yaron sai washe baki yake yi. Rabona da ganin haƙoransa tun kafin 1 ga Satumba, ranar da dokar hana acaɓa ta iso Mushin da Oshodi inda yake neman abinci, ya mayar wa mai babur da kayansa ya dawo gida ya zauna. Da na gan shi cikin fara'a, ni ma sai raina ya yi fari.

"Kawu, na samu shiga," in ji shi. "Ƙungiyar zaman lafiya ce. Sun ce za su koya mana sana'a, kuma kowane zama akwai kuɗin mota."

Na ce, "Madalla. Ta su wane ne?"

"Wasu manya ne."

"Waɗanne manyan?"

Bai sani ba. Ya dai zaro takardu daga aljihu ya miƙo mini, wai an ba kowannensu fom goma ya kai wa abokansa. Na sa tabarau na duba. Suna, lambar waya, jihar asali, unguwar da kake zaune, duk babu laifi. Can ƙasa sai ga mazaɓa, ga lambar rumfar zaɓe, ga gurbin da za ka rubuta lambar katin zaɓenka. Na ɗago na dube shi na ce, "Ɗan nan, me ya haɗa kurciya da rumfar zaɓe?" Ya ce su ma sun tambaya, an ce musu don a san inda za a tura kowa aikin sa ido ranar zaɓe ne.

Kafin wani ya ɗauka ina cikin masu raina aikin sulhu, bari in faɗi daga inda nake magana. Na zo Legas a 1996, ina saurayi, na kama aiki wajen wani ɗan'uwan mahaifina a kasuwar Mile 12, kuma har yau ni ke riƙe da littafin lissafi na 'yan layinmu na albasa. Ina kasuwar a watan Nuwamban 1999 lokacin da rikicin Ketu ya ɓarke tsakanin 'yan kasuwarmu da 'yan ƙungiyar Yarabawa ta OPC, wanda ya sa Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin harbi. Ina garin a farkon Fabrairun 2002 da aka yi na Idi-Araba, kwanaki kaɗan bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja, gari bai gama binne gawarwakin farko ba aka shiga binne wasu. Na ga mata da goyo suna kwana a filin bariki, na ga tireloli cike da mutanen da suka rantse ba za su sake taka Legas ba. A watan Maris na 2016 kuma, da Gwamna Ambode ya rufe Mile 12 bayan wani faɗan, na tsaya ina kallon motocin tumatir da suka taso tun daga Kano da Katsina suna zubar da ruwa a bakin titi, warin ya cika ko'ina, masu kayan suna zaune a gindin taya sun dafe kai. Wanda ya ga waɗannan ba sai an karanta masa cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa nake kishin kalmar, nake jin zafi idan na ga an mayar da ita rigar aro.

Lahadin da ta biyo baya na bi yaron zuwa wajen taronsu. Ɗakin biki ne aka kama haya, an jera fararen kujerun roba, yara sun haura ɗari biyu a ƙiyasina. Yawancinsu irin ɗan yayata ne: 'yan acaɓa da suka rasa hanya, masu tura baro, masu wankin takalmi, 'yan gwangwan, 'yan ga-ruwa, da 'yan mata kaɗan a gefe guda. An buɗe da addu'a, wani malami ya yi nasiha mai kyau a kan haƙƙin maƙwabci, kuma wallahi ban ji kalma ɗaya ta ɓatanci a bakinsa ba. Wani matashi mai babbar riga ya tashi ya yi bayani a kan illar ƙwaya da ɗaukar makami. Har na fara jin kunyar zargin da na zo da shi. Daf da tashi sai shugaban ya ɗauki lasifika ya ce akwai wani bawan Allah da ya ɗauki nauyin riguna da ɗakin taro da kuɗin mota, ba ya son a ambaci sunansa, amma lokaci na zuwa da za a nuna masa halacci. Ya ce, "Mu baƙi ne a garin nan. Zaman lafiyarmu yana hannun wanda zai tsaya mana." Aka yi tafi. A bakin ƙofa aka karɓi fom, aka ba kowa ambulan da robar shinkafa.

Lokacin ya zo a watan Janairu. Zauren WhatsApp da ake turo ayoyi da hotunan kurciya ya wayi gari cike da fastar ɗan takara. Aka raba sababbin huluna masu launi, aka ce a ɗora su a kan farar rigar. Koyon sana'ar da aka yi alkawari, zama biyu aka yi aka ce sai bayan zaɓe. Bayan zaɓe lambar shugaban ta daina shiga. Ba zan faɗi jam'iyyar ba, domin a wannan kakar na ga irin wannan ƙungiya ta kowane ɓangare, har da masu cewa su ne sababbin jini da suka zo gyara.

Ba na cewa matashi kada ya yi siyasa. Ina so ya yi, ya yi da ƙarfinsa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin shiga ƙungiya ko jam'iyyar da ya ga dama, kuma tun 31 ga Mayun 2018 da aka sa hannu a dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 yana iya neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai. In ɗan yayata ya zo ya ce mini, "Kawu, na yanki katin jam'iyya kaza," zan zaunar da shi mu yi muhawara, in ya fi ni hujja in bar shi. Abin da nake ƙi shi ne a kira yaro da sunan sulhu a kai shi rumfar wani ba da saninsa ba. Ƙungiyar da ke da ubangida ta faɗi sunansa tun ranar farko, a rubuce, a saman fom ɗin da take rabawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ji ya gani ya shiga, wanda bai yarda ba ya kama gabansa. Kundin ma bai yi shiru a kan wannan ba: sashe na 221 ya ce in ban da jam'iyyar siyasa babu ƙungiyar da ke da ikon nema wa ɗan takara ƙuri'a. Masu wannan harka sun san da sashen, shi ya sa ake neman suna mai tsarki a fake a bayansa.

Me ya sa yaranmu na Legas ake wa wannan farautar? Lissafi ne, kuma aikina ke nan. Jihar nan tana da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 7, amma waɗanda ke fitowa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Bola Tinubu ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai dubu goma ba. Yanzu ka dubi Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da Alaba Rago, da Obalende, da Ijora, da mayankar Oko-Oba. Mutanenmu a dunƙule suke zaune, masallaci ɗaya ke haɗa su, kuma suna jin maganar manya. Duk ɗan siyasar da ya iya ƙidaya ya san wanda ke riƙe da jerin sunaye dubu biyu, da lambar waya da lambar rumfa, yana riƙe da haja mai tsada. Wannan jerin shi ne ainihin abin da ake sayarwa. Shugaban ƙungiya zai ɗauke shi ya shiga ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yarana." A kan yawan sunayen ake yanke masa farashi, yaran kuma su tashi da riga da robar shinkafa. Kuma babu wanda ya gaya wa yaron ina lambar katinsa za ta je, ko wa zai riƙe ta bayan zaɓe, alhali tun watan Yunin 2023 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane.

Sannan ga tsoro. Ɗan Arewa a Legas yana kwana da sanin cewa ƙaramar magana tsakanin ɗan acaɓa da mai tafiya a ƙasa tana iya zama wutar da za ta ci unguwa. Ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Fagba, a nan Legas, a watan Oktoban 2020, ya ji na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021. Idan ka ce masa zo mu yi siyasa, zai iya cewa shi nema ya kawo shi. Idan ka ce masa zo mu kare kanmu daga fitina, ba zai iya cewa a'a ba. Masu shirya waɗannan ƙungiyoyi sun gano wannan ƙofar, kuma ta nan suke shiga. Yawancin yaran ba su da iyaye a kusa. Wani a rumfar kasuwa yake kwana, wani a barandar masallaci, su takwas ko goma a ɗaki ɗaya in an yi sa'a. Babu kawun da zai sa tabarau ya karanta musu ƙasan fom.

Abin ba sabo ba ne, riga kawai ya sauya. Masu shekaru irin nawa sun tuna watan Maris na 1998, lokacin da ƙungiyar YEAA ta Daniel Kanu ta kwashi matasa daga kowane lungu zuwa Abuja don abin da aka kira gangamin mutum miliyan biyu, wai matasa ne da kansu ke roƙon Janar Abacha ya zarce. Ran 8 ga Yuni Abacha ya rasu, ƙungiyar ta bi iska. A gida Arewa mun san 'yan banga tun zamanin NPC da NEPU, mun san kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Borno, inda aka riƙa kiran 'yan bangar siyasa ECOMOG, sunan rundunar kiyaye zaman lafiya da ƙasashen Afirka ta Yamma suka tura Laberiya a 1990. Sunan masu raba faɗa aka ɗora wa masu haɗa shi. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. OPC da Dokta Frederick Fasehun ya jagoranci kafawa a 1994, bayan soke zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yunin 1993, da kukan zalunci ta fara. A watan Maris na 2015 sai ga 'ya'yanta a titunan Legas suna neman a cire Farfesa Attahiru Jega daga INEC ana saura kwanaki zaɓe. Duk inda matasa suka taru da yawa ƙarƙashin umarnin mutum ɗaya, siyasa za ta zo ta yi sallama, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba.

Na san yaran farar riga ba sa ɗauke da adda, kuma ban haɗa su da 'yan daba ba. Amma ɓarnar da ake yi da su tana da nata nauyin, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni.

A 2016, cikin kwanakin da kasuwa take rufe, an yi ta zama iri-iri, na hukuma da na bayan fage. Na halarci ɗaya daga cikin ƙananan, a matsayin mai rubuta abin da aka faɗa. A wani shago aka yi, bayan la'asar, dattawanmu a benci ɗaya, dattawan unguwa Yarabawa a ɗaya bencin, kowa fuska a murtuke. An fi awa ana jifan juna da laifi. Cikin namu akwai wani tsoho dillalin albasa, Allah ya jiƙansa, wanda ya shekara fiye da arba'in a garin, yana jin Yarabanci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Da ya buɗe baki, da namu ya fara. Ya ce akwai yaranmu da suka yi abin da bai dace ba, ya san su, kuma shi da kansa zai kai su gaban hukuma. Namu suka fara gunaguni, ya ɗaga hannu suka yi tsit. Sannan ya juya ga ɗaya bencin ya lissafa musu nasu, ɗaya bayan ɗaya, cikin harshensu. Wani dattijo daga cikinsu ya yi shiru can, sannan ya ce, "Baba, in kai ka faɗa, mun yarda." Da muka fito na tambayi wani Bayarabe da muke ciniki da shi me ya sa suka saurari tsohon. Ya ce tun yana yaro yake ganinsa, bai taɓa ganin hular wata jam'iyya a kansa ba, bai taɓa jin ya karɓi kwabon kowa ba.

Wannan yardar ita ce jarin mai sulhu, ba shi da wani. Yanzu ka ɗauka gobe, Allah ya kiyaye, wata fitina ta tashi a Agege, ka turo yaran da unguwa duka ta gani jiya da hular ɗan takara a kan farar riga, ka ce su shiga tsakani. Wanda ke ɗaya jam'iyyar zai ga abokan hamayya ne suka zo. Wanda ba Bahaushe ba zai ce daman 'yan Arewa kayan haya ne. Kuma ba su kaɗai abin zai shafa ba. Duk wanda ya zo bayansu da kalmar zaman lafiya, ko da zuciya ɗaya ya zo, za a tambaye shi nawa aka ba shi. Ɗan yayata da kansa, da wani malami mutumin kirki ya gayyace shi zaman sasanta 'yan unguwa a bara, ce mini ya yi, "Kawu, duk kanwar ja ce." Shekararsa 24, an riga an kashe masa yarda da abin da watarana zai iya ceton ransa.

Akwai ɓarna ta biyu: ma'anar kalmar ake sauyawa. A bakin ƙungiyar da ke da ubangida, zaman lafiya yana nufin yin shiru a kan duk abin da ubangida ba ya so a taɓa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023 an yi ta ba da rahoton razana masu zaɓe a wasu unguwannin Legas, har da hana mutane zaɓe saboda ƙabilarsu. Ban ji ko ɗaya daga ƙungiyoyin farar riga da na sani ta buɗe baki ba, alhali in yau Ibo aka kora daga layi, gobe mu ne. A watan Agustan 2024, da aka shirya zanga-zangar tsadar rayuwa ta kwana goma, ƙungiyoyin zaman lafiya suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, kowacce da taron manema labarai. Ni ma na hana yaran layinmu fita, kuma ban yi nadama ba, domin na san in abu ya lalace a garin nan kan baƙo ake fara saukewa. Amma da aka gurfanar da ƙananan yara 'yan Arewa a babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wasu suna faɗuwa a sume don yunwa, har sai da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, ina waɗannan ƙungiyoyi suka shiga? Aya ta tara ta Suratul Hujurat da malamansu ke yawan jawowa ba a kan sulhu kawai ta tsaya ba, cewa ta yi a yi shi da adalci. Rabin ayar ake karanta wa yaranmu.

Na tattauna wannan da wani abokina da ke cikin harkar, mutum ne mai hankali, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Malam, ɗakin taro kuɗi ne, lasifika kuɗi ne, yaron da ya bar baronsa ya zo zama sai ka ba shi abin da zai ci. Wa zai biya? Attajiranmu ba sa bayarwa sai a gina masallaci. Ɗan siyasa kaɗai ke sa hannu a aljihu." Ya ƙara da cewa baƙo ba ya rayuwa ba tare da inuwa ba, kuma in an kama yaro da tsakar dare, lambar ɗan siyasar nan ce ke fito da shi. Gaskiya ne, na ga hakan da idona. Amsata ita ce: to a faɗa. A ce wa yara wane ne ya biya, ga jam'iyyarsa, ga abin da yake so. In ana tsoron rabinsu za su tashi idan suka ji, ashe an san ba da yardarsu ake tafiya da su ba. Kuma inuwar da sai ka miƙa katin zaɓenka za ka shige ta, ranar da mai ita ya faɗi zaɓe rana za ta dake ka.

Ya kuma ce ai masu karɓar kuɗin Turawa ma suna da nasu karkatar. Ban musa ba. Tun da Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2250 a kan matasa da zaman lafiya a Disambar 2015, tarukan bita suka yawaita a otal-otal na Ikeja. Da Turanci ake yi, 'yan boko ke zuwa, a ɗauki hoto a raba takardar shaida, mai tura baro bai ma san ana yi ba. Kuma na san wasu jagororinsu da rana suna koyar da rashin ɗaukar ɓangare, da dare suna Facebook suna yi wa ɗan takararsu yaƙi da zagin duk wanda bai bi shi ba. Su ma tambayar ɗaya ce: wa ya biya, me yake so? Ko ƙungiyar Peace Corps ta Najeriya, wadda ban zarge ta da bin wata jam'iyya ba, ta nuna mana abin da ke jan yara. Dubbai sun shiga suna sa ran za ta zama hukumar gwamnati su samu albashi, sai Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a dokarta a 2018. Yunwar aiki ce ke kai yaro inda aka rataya kalmar zaman lafiya, kuma wanda ya san haka ya yi amfani da ita don ƙuri'a ya ci amana.

Babu ɗan Adam da ba shi da ra'ayi, na yarda. Tsohon dillalin albasa ma yana zaɓe, kuma na tabbata yana da wanda yake so. Bambancin shi ne bai taɓa kai kujerarsa ta sulhu kasuwa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna sun taɓa zama a sahu biyu masu gaba. A rikicin 1992 Faston ya rasa hannu, Limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, kuma tun 1995 suke aiki tare. Ana sauraronsu ne domin kowannensu ya iya gaya wa nasa mutanen abin da ba sa son ji. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar ya iya zaunar da Jonathan da Buhari a 2015 ne domin dukansu biyu sun yarda su zauna a gabansa. Da yawa daga mutanenmu suna ƙorafi da wasu kalaman Bishop Kukah da ke cikin kwamitin, suna ganin ya karkata. Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, ƙorafin kansa ya nuna yadda zargin karkata kaɗai ke rage wa mai sulhu nauyi, balle a ga hula a kansa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗannan ƙungiyoyi ba daga sama suke faɗowa ba. Ta fadar sarakunanmu na Hausawa suke bi, ta wajen shugabannin kasuwa da limamai. Bahaushe ya daɗe a garin nan, tun kafin layin dogo ya isa Kano a 1911 yake nan, cinikin goro ya kafa Zangon Agege, kuma duk tsawon wannan zamani sarautar Sarkin Hausawa da kujerar liman su ne garkuwar baƙo. Idan mai riƙe da irin wannan kujera ya bari aka yi sanarwar ƙungiya bayan sallah ba tare da ya tambayi wa ke bayanta ba, ya ba da aron mutuncin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Wasu sun sani sarai, an kai musu nasu kason. Wasu kunya ce ke hana su tambaya, kada a ce suna adawa da alheri. Mu 'yan kasuwa kuma da muke kukan ɗan siyasa ya saye yaranmu, nawa muka taɓa cirewa don su? A layinmu kaɗai, in kowane buhu da aka sauke aka ɗora masa naira goma, za a kama ɗakin taro a sayi ruwa a ba yara kuɗin mota, har a sa wasu koyon gyaran waya ko walda, ba tare da an roƙi kowa ba. Na buga lissafin, ya fita.

Ɗan yayata yanzu yana lodi a kasuwa, yana tara kuɗin kama teburi. Farar rigar tana nan, da ita yake aiki, kurciyar ta koɗe. Makon jiya wani matashi mai fara'a ya same ni a rumfa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an ce ni ke da sunayen yaran layinmu. Sabuwar ƙungiya suka kafa ta haɗin kai da zaman lafiya, saboda 2027 na ƙaratowa kuma ba sa son a yi amfani da matasa. Na ba shi wuri ya zauna, na sa aka kawo masa shayi. Na ce, "Samari, wa ke ɗaukar nauyinku?" Ya ce wasu masu kishin al'umma ne. Na ce ya kawo mini sunayensu a rubuce, da takardar rajistar ƙungiyar, ya kuma gaya mini ko akwai Bayarabe ko Ibo ko Kirista ko ɗan wata jam'iyya daban a cikin shugabanninsu. Na ce in ubangidansu ya yi ba daidai ba, wa zai fito ya faɗa? Ya ce, "Baba, zan tambayo." Na karɓi fom ɗaya na duba ƙasa. Gurbin lambar katin zaɓe yana nan inda na san shi.

Bai dawo ba, amma na ji ya zaga wasu layukan. Na kai maganar gaban shugabanninmu, na roƙi a kafa ƙa'ida cewa babu mai karɓar sunan yaro ko lambar katinsa a cikin kasuwa sai ya bayyana masu ba shi kuɗi a gaban kowa, kuma a duba batun naira goma a kan buhu. Biyu daga cikinsu sun goyi baya, ɗaya ya ce in bi a hankali kada mu ɓata da manya. An sa zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Fom ɗin yana cikin littafin lissafina, da shi zan je.